Babi Na Huɗu Na Tahani

Da sunan Allah nake farawa. Shugaban wannan taro, shugabar tsangayarmu, malamai abokan aiki, baƙinmu da suka taso daga Alƙahira da Aswan, ɗalibaina na da da na yanzu, jama'ar Iskandariya da kuka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Na gode da wannan walimar sallama da kuka shirya mini bayan shekara talatin da takwas ina koyarwa. Na gode da yabon da aka yi ta zuba mini tun safe, har maiɗakina Ummu Hazim ta raɗa mini, "Mamduh, kai ake nufi, ko akwai wani?" Ta fi ku sanina. An ba ni minti ashirin, kuma magana uku gare ni.

Ta farko domin baƙinmu ce. Duniyar nan tana lulluɓe da ƙarfin maganaɗisu. Iskar da ke busowa daga rana takan tura shi, ya miƙe ta bayan duniya ya zama doguwar wutsiya. A tsakiyar wutsiyar akwai wani siririn shimfiɗi da lantarki ke gudana a cikinsa, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kaɗawa yake yi sama da ƙasa, kamar zanin gadon da aka shanya a saman bene. Taurarin ɗan'adam huɗu da ke tafiya tare su ne idanunmu a can. Idan kaɗawar ta wuce, mukan duba wanda ta fara taɓawa da wanda ta taɓa a ƙarshe, daga nan mu san inda ta fito da inda ta nufa. A kan wannan na ƙarar da rayuwata, kuma ban yi nadama ba.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi. Abin da muka koya, abin da muka koyar, abin da na rubuta da hannuna, shi ne kaɗawar daga tsakiya take tasowa ta nufi gefuna biyu na wutsiyar, waɗanda muke kira gefen asuba da gefen magariba. Shekara goma sha tara da suka wuce, ɗalibata Tahani Girgis, 'yar Minya, ta shigo ofishina da babi na huɗu na kundin digirinta na uku. Ta ce, "Malam, sau bakwai na sami kaɗawar tana tahowa daga gefen magariba zuwa tsakiya."

Na ce, "'Yata, kin juya asuba da magariba. Kowane ɗalibi yakan yi wannan."

Ta ce, "Na duba sau uku, Malam. Ka duba sau ɗaya mana."

Jama'a, ban duba ba. Shayina yana hucewa, aji yana jirana, ga girman kai. Na ɗauki jan alƙalami na ja layi tun daga sama har ƙasa, na ce ba zan sa hannu ba sai ta cire babin. Ita kuwa ta ƙi cirewa. Ta tattara takardunta ta hau jirgin ƙasa ta koma Minya, inda take koyarwa a sakandaren 'yan mata har yau, babu digirin.

Watan jiya ina kwashe kayan ofis na ci karo da babin. Na ce bari in ga inda ta yi kuskuren. Lissafin da na ƙi duba mata bai ci mini awa biyu ba. Na yi shi, na sake, na sake. Asubarta tana wurinta, magaribarta tana wurinta. Ni da na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa tauraro ɗaya ba ya isa shaida sai an tara huɗu, ni ne na yanke hukunci ban tambayi ko ɗaya ba. Wallahi na ji kunya, kuma har yanzu ina jin ta.

Na ɗauki jirgin safe na je Minya. Na tarar da ita a bakin aji, alli a hannu, furfura ta fara fito mata. Na ce, "Tahani, ke ce da gaskiya."

Ta ce, "Ai na sani, Malam. Dubawarka kawai nake jira. Ka ci abinci kuwa?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Magana ta uku roƙo ce. Ya shugabar tsangaya, na sa hannu a kan babin, hannun da ya makara shekara goma sha tara, ina roƙon majalisarku ta sake buɗe kundin. Ya ku malamai matasa, idan ɗalibi ya ce ku duba, ku ajiye shayin ku duba.

Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya yafe mana abin da muka zalunta da sani da wanda ba mu sani ba, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, saura minti goma sha biyu cikin lokacina, kuma ba nawa ba ne. Tahani, na hango ki can baya kusa da ƙofa. Taso, ga allo, ga babinki. Zan zauna a layin gaba in saurara.

Na gode.