Tsarabar da Ba Ta Tsallaka Iyaka Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin prefe mai mulkin yankinmu, wakilin mai martaba sarkin Kance, limamanmu da malaman lakwal masu koyar da boko, iyaye mata da ke zaune a inuwar bedi, 'yan'uwana manoman Matameye da Dawce da Kurni, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka tako cikin wannan rana, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, don ku tsaya tare da wani tsoho da jikarsa a ƙofar ɗakin da aka gina wa kyankyasai. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa.

Sunana Idrisa Shekara. Ban riƙe alƙalami ba sai da gemuna ya yi fari, a karatun manya na bayan la'asar.

Maganata ta farko a kan Balki ce, jikata. Tun tana ƙarama, abin da kowa ke bi da takalmi, ita kwalba take nema masa. Ta tafi jami'a a Yamai, ta karanci ilimin ƙwari, ta dawo da takarda, sai ga wata takardar ta biyo ta: ana kiranta aiki a ƙasar waje. Ta ce mini irin kyankyasan da take son nazari a kansu ba a samun su a nan, kuma shigo da su sai da izinin hukuma, ta nema ba ta samu ba. Ta ɗaure akwatinta. Ni kuwa na duba shekaruna, na san in ta tafi, da wuya ta same ni in ta dawo.

Magana ta biyu a kan wautata ce. Shekara talatin na yi ina cin rani a Kano, kuma kun san al'adarmu: namiji ba ya dawowa gida ba tsaraba. Da aka buɗe iyaka na je Kano duba ɗana, na yi ta cigiya har aka kai ni wurin wani mutum mai suna Bilya, wanda ke kiwon kyankyasai kamar yadda wasu ke kiwon tantabaru. Ya nuna mini na wani tsibiri, Madagaskar, tsawonsu ya kai yatsana, ba su da fiffike, bayansu na sheƙi kamar sirdin da aka shafa wa mai. Ya ce samunsu wuya, shekara biyu ya yi yana jira. Na ɗora ɗaya a tafin hannuna, na tsaya ina tunanin teku da ban taɓa gani ba, da itatuwan da ruwa ke ɗiga daga ganyensu kullum, da ƙasar da ba a san roƙon ruwa ba. Na ce a raina, in na kai wa Balki tsibirin nan cikin kwano, me za ta je nema?

Bilya ya ba ni huɗu. Na sa su a kwanon sha, na huda murfin, na jefa musu ɓawon lemu, na rungume a cinya. Ban ɓoye su ba, jama'a, don na ɗauka maganar izinin nan ta masu ɗauko kaya a jirgi ce, ban taɓa tunanin akwai mai tambayar kyankyason cikin kwano inda za shi ba.

A kan iyaka jami'in duwan, wato kwastan, ya ƙwanƙwasa kwanon, sai suka yi huci gaba ɗaya. Wata hajiya da ke kusa da ni ta ce, "Maciji!" Ban san mai jiki irin nata za ta iya fita ta tagar mota ba sai ran nan. Jami'in ya ɗaga murfin a hankali, ya duba su, ya duba ni.

Ya ce, "Baba, ina takardarsu?"

Na ce, "Ɗana, kyankyaso ma sai da fasfo?"

Ya ce, "Ai ya fi ka buƙatarta, Baba. Kai mun san abin da kake ci. Wannan in ya kuɓuce ya hayayyafa, wa ya san abin da zai yi wa ɗan geron da ya rage a rumbunanku bana?"

Na tuna rumbuna. Gaskiya ya faɗa, kuma da ladabi ya faɗe ta. Na ba direban da ke komawa Kano kwanon ya mayar wa Bilya, na shigo gida hannu wofi, karo na farko a rayuwata.

Balki na ganina ta ce, "Angona, ka je har Kano ka dawo wa amaryarka da ƙura? To auren nan ya mutu." Da na ba ta labari ta yi dariya har ta zauna a kan akwatin, daga nan dariyar ta koma hawaye.

Magana ta uku ita ce dalilin taron nan. Don in rufe kunyata na ce mata, "Mu ma ai muna da namu, ba irin na masai ba." Dattawan da ke nan sun tuna farin tamanin da huɗu, lokacin ma soja ke mulki kamar yau. Sun tuna yadda muka riƙa tonon gidan tururuwa muna kwashe tsabar da suka tara, mu sheƙe mu dafa. A jigawar Kurni, cikin rairayin da ya shekara bai ga ɗigon ruwa ba, nakan tarar da wani kyankyaso mai faɗi, kewayayye kamar maɓalli, launin ƙasa, yana nutsewa cikin yashi kamar kifi a tafki. Shanu sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, shi kuwa ga shi da ƙibarsa. Nakan zauna da yunwata ina kallonsa, ina cewa, bawan Allah, ina kake shan ruwa?

Balki ta miƙe tsaye. Ta ce, "Kaka, shekara arba'in kana da wannan labari ka bar ni ina rubuta wa hukuma takardu?"

Na ce, "Wa ke ba amaryarsa labarin yunwa?"

Washegari muka hau amalanke. Jigawar na nan, gawon da na sani na nan. Na durƙusa na tona da hannuwan nan kamar yadda na tona ina matashi, sai dai wannan karon ba abinci nake nema ba. Kafin azahar yashi ya motsa. Ta ɗauki kyankyason a tafinta, ta juya shi tana dubawa. Sannan ta ce tana zaton daga laimar da ke cikin yashi yake samun abin sha, kuma gano yadda yake yi aikin shekaru ne, aikin da ba ya yiwuwa sai a inda jigawar take. Ta ce masu kiwo na can ƙetare za su so su gan shi, amma su ma sai da takarda.

Da muka dawo, da hannunta ta kwance igiyar akwatin.

Ƙungiyar manomanmu ta gina wa Balki wannan ɗaki don nazarinta, Allah ya saka musu. In kun shiga za ku ga kwalba ta farko da rubutu a jikinta, karkatacce, kamar sawun kaza. Nawa ne. Balki ta ce ba wanda zai rubuta sai ni: "Daga jigawar Kurni. Idrisa Shekara ya nuna." Wani lokaci nakan zauna gabanta ina hango jikokin jikokina suna noma gero mai haƙurin wannan halitta, gonaki kore daga nan har Dawce.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni tausayin talakawa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya dawo wa kowane tsoho da nasa da ke nesa. Tawa dai ga ta nan a ƙofa, riƙe da makulli, tana harara ta wai na cika surutu.

Buɗe musu, amarya. Na gode.