Reshen Magarya a Cikin Jaka

A bencin jira na wani asibiti a garin Eshowe, wata tsohuwa, Gogo Ntombenhle, tana ɓare lemo, sai wani magidanci ya zauna gefenta yana murza takarda.

"Ɗana, za ka yaga ta. Wa gare ka a ciki?"

"Mahaifina, Gogo. Wata biyu ke nan inji ke yi masa numfashi. Likita ya ce in na sa hannu za su cire injin, doka ta yarda. Amma allurar ƙarasa shi da tsohon ya roƙa tun bakinsa na motsi, wai wannan kisan kai ne."

"To ai gaskiya ne. Bari daban, yi daban."

"Haba Gogo! Ba duk kabari ɗaya ba ne?"

"Nawa maigidan, ranar da ya datse haƙora ya ƙi abinci, na ajiye cokali, ban matsa masa ba. Ban yi masa komai ba." Ta dubi lemon. "Shekara tara da rasuwarsa, kullum sai na faɗa wa kaina hakan."

Ya buɗe jaka neman biro, sai ga reshen magarya, irin wanda a al'adar mutanen wurin ake ɗauko ruhun mamaci da shi a kai gida.

"Yana numfashi ka zo da reshe?"

"Yayyena suka yanko. Suka ce su ba za su sa hannu ba, ni auta in je."

"Su hannunsu fes ke nan." Ta miƙa hannu. "Kawo reshen in riƙe maka. Shiga ka gaishe shi tukuna, kada ya ga an zo ɗaukarsa bai shirya ba."