Ƙwayar Cutar da Aka Gane ta Tsagen Gidansu

'Yan'uwa mata da maza, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau fuskata a buɗe. Ku ce Amin! Kai, wannan Amin ɗin ba ta karya kumallo ba. Ku ƙara. Yauwa!

Sunana Saratu, matar marigayi Bitrus, daga ƙauyenmu can wajen Indabo. Masu cin kasuwar Wudil ran Juma'a sun san ni da daddawa. Da yawanku kuma kun san ni da gyale a kan hanci, ko ana zafi ko ana sanyi. Yau zan gaya muku abin da ke ƙarƙashin gyalen nan.

Da mura abin ya fara, murar da ta ƙi tafiya. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Majina mai wari, ɓawo yana bushewa a ciki, in na ɓamɓare sai jini. Can hancin ya kumbura ya yi tauri kamar icce, in na taɓa sai in ji kamar ba nawa ba. Muryata ta dushe, numfashi sai ta baki. Na daina jin ƙanshin komai. Ku ji fa, mai daddawa ba ta jin warin daddawarta!

A shekarun nan kuɗin mai na ta shigowa ƙasa. Samari duk sun hau sabon babur, kowa da waya a kunne, kowane lungu an buɗe kemis. Ni kuwa babu kemis ɗin da ban sha kafsonsa ba. In na sha kwana biyu na ji dama-dama sai in bari. Na yi turare, na shaƙi garin saiwa har idona ya yi ja. Duk a banza.

Da ni kaɗai ce, da na haƙura. Amma ina da 'ya, Rifkatu, ita kaɗai Ubangiji ya bar mini. Wani yaro mai hankali, Ishaya, malamin firamare, ya fito yana sonta, ita ma tana sonsa. Kun san al'adarmu, ba a kai kaya sai an yi binciken gida: akwai hauka, akwai sata, akwai kuturta? Mutane kuwa sun riga sun fara raɗa cewa hancin Saratu kuturta ce ke cin sa.

Gwaggon Ishaya, Gwaggo Lami, ita aka turo. Da bazara ne, rana na dukan ƙeya. Na kawo mata ruwan randa a kwanona mafi kyau. Ta karɓa, ta dubi ruwan, ta dubi gyalena, ta ajiye.

"Na sha a hanya," in ji ta.

Daga garinsu zuwa namu ko rijiya babu a hanyar! Bayan kwanaki saƙo ya zo wai a dakata da maganar tukuna. Rifkatu ta ce, "Mama, ba komai." Amma ina ganinta tana daka, hawaye na ɗiga cikin turmi. Ranar zuciyata ta fi hancina ciwo.

Na tafi inda ake duba kuturta. Suka kankari fatar kunnena suka duba, suka ce ba ita ba ce. Da murnata na aika wa Gwaggo Lami. Ga amsar da ta aiko: "To in ba ita ba ce, mece ce? A faɗi sunanta mu ji."

Na ji haushi har na kasa cin abinci. Amma tsakani da Allah, tambayarta a kan hanya take.

Wata safiya ina dafa kalwa, sai na durƙusa a gindin murhu. Na ce, "Ya Uba, kai ka halicci abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ka san abin nan da ke cikin hancina. Yau ban ma ce ka warkar da ni ba. Ka faɗa mana sunansa kawai, domin yarinyar nan. Cikin sunan Yesu." Na tashi da toka a gwiwa, amma zuciyata ta yi sanyi.

Makon nan aka tura ni babban asibiti a Kano, wurin masu duba hanci da maƙogwaro. Likitar da na samu yarinya ce 'yar siririya, Musulma, da hijabinta. A raina na ce wannan ai sa'ar Rifkatu ce, me ta sani? Ashe ƙaramin goro ya fi babban dutse. Da hannunta ta sauke mini gyalen, ko yatsine fuska ba ta yi ba. Ta ce, "Sannu Mama. Kin daɗe kina ɗauke da wannan." Na manta rabon da wani ya matso kusa da fuskata haka.

Ta ɗebi ɗan nama daga ciki, ko ƙwayar gero bai kai ba. Da farko suka shuka shi a faranti, su ga wace ƙwayar cuta za ta tsiro. Ba abin da ya tsiro. Ta ce kafson da na sha barkatai ne ya sa ƙwayar ta laɓe. Sai ta dubi kumatuna.

"Mama, tsagen nan naki, in wanda ya sani ya gani, zai faɗi gidanku?"

Na ce, "Ko a kasuwar da ban taɓa zuwa ba, 'yata."

Ta ce, "To kowace ƙwayar cuta ma tana da tsagen gidansu a cikin jikinta, wanda ta gada. Akwai sabon gwaji da ba ya jiran ta tsiro. Na'ura ce ke lalubo ɗan guntun tsagen nan, ta yi ta ninka shi har ya yi yawan da za a gane shi. Ƙwayar na iya laɓewa, amma ba ta iya goge tsagenta."

Na riƙe baki. Abin da ido ba ya gani, Ubangiji ya yi masa tsaga, ya kuma ba 'yan Adam basirar ganewa! Wane ne kamar Allahnmu?

Na'urar ba ta nan kusa, sai da likitar ta aika naman can nesa wurin abokan aikinta, ta yi ta bin su da waya. Muka jira makonni. Da ta kira mu, Gwaggo Lami ta ce ƙafarta ƙafata, ba ta yarda da saƙon baki ba.

Likita ta faɗi sunan cutar, rainosikiliroma. Sai da Rifkatu ta yi mako tana koya mini shi. Ta ce ba kasafai ake ganin ta ba, ita ma a littafi ta san ta. Ba kuturta ba ce, ba kansa ba ce, kuma tana da magani, sai dai a sha watanni ba fashi.

Gwaggo Lami ta gyara zama kamar alƙali. "Ana gadonta?"

"A'a, Gwaggo."

"Ana ɗauka?"

"Ba zan ɓoye miki ba, ana iyawa, amma da wuya, sai an yi dogon zama wuri ɗaya. Na duba Rifkatu, lafiyarta lau."

A hanyar komawa, har muka haye gadar Wudil Gwaggo ba ta dube ni ba.

Na sha maganin nan kamar ibada. A hankali hancin ya yi laushi, numfashi ya buɗe. Wata rana na buɗe kwandon daddawa, wari ya buge ni. Na zauna na yi kuka, Rifkatu na dariya tana kuka. Halleluya! Tabo dai yana nan, ga shi kuna gani, ban kuma ɓoye shi ba.

Bayan girbi sai ga Gwaggo Lami da sallama, ta same ni ina cin tuwo. Na tashi na zuba mata nata a sabon kwano, don kar in sake jin kunya. Ta ture shi gefe. Ta wanke hannu, ta jawo akushina, ta sa hannu daidai inda nake ci. Ta kai loma, ta lashe yatsa.

"Miyar nan ta ji daddawa," in ji ta. "Yaushe za mu kawo kayan?"

'Yan'uwa, suna kawai na roƙa, ya ba ni suna, ya ƙara mini da lafiya da suruki. Ina gode wa Yesu. Ina roƙon albarka ga likitar nan duk inda take. Na ɗanɗani zafin kwanon da ake ajiyewa, don haka ina roƙonku, masu kuturtar ma tasu tana da magani, kar ku guje su. Kai kuma da ke ɗauke da ciwon da ba a gane ba, kar ka fid da rai, ka yi addu'a ka je asibiti. Wanda ya halicce ka ya san sunan abin da ke damun ka.

Ga Rifkatu can a baya da goyonta. Wadda ke gefenta tana harara ta don na tona ta, ita ce Gwaggo Lami. Daga nan gidana za ta, akushi ɗaya za mu ci. Yabo ga Ubangiji! Amin.