Ashana a Bencin Tasha

A bencin tasha, wani kafinta ya zaro karan sigari ya dubi dattijon da ke gefensa.

"Baba, ko kana da ashana?"

"Na daina sha, ɗana. Akwai gurup ɗinmu na masu daina sha a waya. In sha'awar ta taso, sai in rubuta, su yi ta ja na da hira har ta wuce."

"Mutanen da ba ka taɓa gani ba? Ni matata ta yi magana har ta gaji."

"Tawa ma ta yi. Hayaƙina ya cinye mata ƙirji. Daga asibiti nake."

Kafinta ya dubi karan sigarin da ke hannunsa.

"Tawa ciki gare ta. Yaya ake shiga gurup ɗin?"

"Kawo wayarka. Sigarin kuma riƙe abinka, da hannunka za ka yar."