Ranar da Muka Auna Jusabbhai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Malam Liman, Mahant jagoran 'yan Hindu na gindin dutse, Seth Popatlal da dattawan Jainawa mabiya addinin Jain, shugaban 'yan doli masu ɗaukar mutane zuwa saman dutse da jama'arsa, Jenabben matar marigayi Jusabbhai da 'ya'yanta, 'yan uwa maza da mata na Junagadh, assalamu alaikum. Wanda sallama ba gaisuwarsa ba ce ya yi haƙuri. Jusabbhai ne ya iya gaisuwar kowa, ni biyu kawai na iya.

An ce ni zan yi magana a wannan sadakar arba'in don ni ne malamin makaranta, kuma sakataren ƙungiyar 'yan doli. Da an san abin da zan faɗa, da wataƙila an nemi wani.

Ya kasance ɗan doli shekara talatin da ɗaya. Abokin aikinsa Bhikhabhai a gaba, shi a baya, sanda a kafaɗa, mai ziyara zaune a kujerar igiya tsakaninsu. Ya kai tsofaffin Jainawa ɗakunan bautarsu a kan dutsen Girnar, ya kai 'yan Hindu har ƙololuwa, ya kai namu wurin waliyyi Datar. Akwai wani tsohon malamin addinin Buddha daga ƙasar Lanka da ya goya a baya cikin kogunan Uparkot, suka yini suna hira, ba mai jin yaren wani.

Ya kasance yana gane addinin mutum tun daga takalmi. Yakan ce wa Bhikhabhai, "Wannan na ƙyalle ne, Bajaine ne, ka kula kada ka taka tururuwa a gabansa." Na taɓa tambayarsa wace al'umma ta fi tsoron Allah, ina shirin yi masa karatu. Ya ce, "Malam, a ƙasa kowa da irin tasa addu'ar. In aka kai matakala ta dubu uku kujera ta soma lilo, duk murya ɗaya suke yi."

Ya kasance mai sikelinmu bayan gwiwoyi sun ƙi. Kun san ƙa'ida, ba mai zama a doli sai an auna shi. Wani attajiri ya cire hula da agogo kafin ya hau, Jusabbhai ya ce, "Seth, mayar da hularka, matsalar tana ƙasa da wuya."

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Bara da damina ta ɗauke ya zo gidana ya ce yana so a kai shi Datar, a zaune. Na ce, "Kai da ka je sau dubu?" Ya ce, "Na je ne? Dugadugan Bhikha na gani. Ko ido rufe zan zana maka kaushinsa. Na kujera suna ta cewa duba can, duba can. Can ɗin nake so in gani."

Muka sa Alhamis. Ya zo da sabuwar hula, ya ce ba za a karya ƙa'ida a kansa ba, ya hau sikelinsa. Kilo arba'in da ɗaya. Bhikhabhai ya ce, "Tsoho, kai ai da hannu ɗaya ma." Har ya zauna a kujera, sai ga motoci uku cike da masu ziyara daga Mumbai. Kowa ya dube ni, ni ne mai ilimi. Na ce, "Jusabbhai, dutse ba ya gudu. Alhamis mai zuwa."

Ya sauko da kansa, ya koma wurin sikeli, ya auna baƙin nan ɗaya bayan ɗaya. Alhamis ta gaba aka shiga bikin kewayen dutse, bayan nan wani biki, bayan nan wani. Bai ƙara tambaya ba, mu kuma muka ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Jenabben, da ke nake. Jama'a su sani, jiya ni da Bhikhabhai mun je ƙofarta muka ce za mu kai ta Datar a madadinsa. Daga bayan labule ta ce, "Malam, ka karanta littattafai da yawa. A wanne aka ce in an ɗauki mata, miji ne ya gani?" Ta ce, "Ƙafafuna biyu, Alhamis zan hau. In kuna so ku biyo ni da dolin, amma ba mai zama a ciki." Bhikhabhai ya ce, "Matar yaya, kin yafe mana?" Ta ce, "Ku tambaye ni a sama."

To, 'yar uwa, Alhamis bayan asuba muna gindin dutse, ko mota goma ce ta zo. Bhikhabhai a gaba. Ni ne zan ɗauki baya. Shugaba ya yi dariya da na roƙa, amma ya yarda.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah ya gafarta wa Jusabbhai, ya yalwata kabarinsa, ya nuna masa abin da muka hana shi gani da wanda ya fi shi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya kai mu sama da sauran numfashin da za mu yi tambayar. Amin.