Ƙofar Bayan Waya

A ɗakin jira na kamfanin intanet a wata ƙasar waje, wata dattijuwa ta ji saurayin da ke gefenta yana waya da Hausa. Yana gamawa ta matso.

"Ɗan nan, ashe namu ne! Kai ma intanet ɗin gida ka zo a haɗa maka?"

"Sabuntawa na zo yi, Mama. Direba ne ni, shekarata huɗu a nan."

"Ni wata uku ke nan da na zo renon jika wajen ɗana. Komai lafiya lau, sai dai kewar zauren hirar danginmu na waya. Ya ce a nan an toshe shi, ko an haɗa intanet ba ya buɗuwa."

"An toshe kam, amma akwai ƙofar baya. Wata manhaja ce, VPN, kina kunnawa komai ya buɗe. Kowa yana da ita."

"Kowa?"

"Kowa, Mama! Ni dai gwaggonnina nake ce wa ba ya buɗuwa, don in huta da zancen aure."

Sai ta tuna yadda ɗanta ke ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, waya a hannu. Ita ma dariyar ta kama ta.

"Wato duk kanwar ja ce! Ungo, saka min."

Ya saka yana sosa ƙeya. Nan take saƙonni suka fara zubowa, har da muryar ƙanwarta: "Yaya, kina raye kuwa?"

"Mama, don Allah kar ki yi masa faɗa."

"Faɗa? Haba, ɗan nan. Shi zan fara aika wa gaisuwa."