Motata Tana Mutuwa a Bakin Maƙabarta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Wani dattijo ne ke rubuto maka daga Yalwawa, Dutse.

Da na yi ritaya na sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu. Dillalin ya ba ni garantin wata uku, ya ce, "Baba, ko tari ta yi, dawo min da ita."

A cikin Dutse lafiyarta ƙalau. Amma duk Juma'ar da na nufi ƙauyenmu ta hanyar Miga, akwai wani rami daidai maƙabarta, da na rage gudu sai ta mutu. A nan yayana yake kwance. Ba ma ga maciji har ya rasu, shekara shida ke nan ban taɓa tsayawa ba.

Sau uku ina mayar da ita. Dillali ya zaga gari da ita, ya ce, "Baba, garantina na inji da giya ne, bai kai maƙabarta ba." Bakanike kuwa ya ce famfon mai ne ke zafi.

Wataƙila haka ne. Amma ran nan, ina jiran ta huce, sai na shiga maƙabartar. Wallahi ban ma gane kabarin ba, sai na yi wa mamatan addu'a gaba ɗaya. Da na fito, murɗawa ɗaya ta tashi.

Ranar Litinin garantin zai ƙare, yanzu dillali ya yarda zai canja famfon. Jama'a, ku ba ni shawara, in kai ta? Tsorona, in aka gyara ta, zan koma wucewa.